Takalman Ba'amurke a Ƙarƙashin Gada

Ni fa ban taɓa son wasan ƙwallo ba, kowace iri ce. Har yau idan na ga garada suna bin fata guda da gudu suna gumi, sai in ji kamar in tsayar da su in tambaye su ko aikin yi ne ba su da shi. Amma neman abinci ya kai ni inda ake yin ta. A shekarun da nake magana, bayan dubu biyu da 'yan kai, ni direba ne a wani kulob na wasanni a Jidda. Kafilina, wato Balaraben da ya tsaya mini, yana cikin manyan kulob ɗin, shi ya yi mini iƙama, takardar izinin zama. Da yake na taɓa sakandare a Zariya kafin in zo, ina da ɗan Turancin da zai fitar da ni kunya, sai aka ɗora mini jigilar baƙin 'yan wasa. Ta haka aka haɗa ni da wani Ba'amurke, ɗan wasan ƙwallon kwando.

Ranar da na ɗauko shi daga filin jirgi sai da na tura kujerar gaba har ƙarshe, duk da haka gwiwoyinsa na dukan gaban motar. Baƙi ne wuluk kamata, in bai buɗe baki ba ka rantse ɗan wajen Gashuwa ne. An kama masa gida a unguwar Ruwais, matarsa da 'yarsa suna can ƙasarsu. Aikina in kai shi atisaye in dawo da shi, kuma kullum a hanyar dawowa sai mun tsaya mun sayi ƙanƙara. Zai ɗaura ta a gwiwar hagu da tawul, ruwa na ɗiga a kan shimfiɗar motar, ni kuma ina tsaki a ciki don ni zan goge.

A cikin motar nan na ji tarihinsa kaf, ba tare da na tambaya ba. Mutum ne mai kewar mai saurare. Ya ce a kwalejin da ya yi wasa, wani ƙaramin gari mai sanyin tsiya, duk ranar wasa rufe shaguna ake yi a tafi kallonsu. Ya ce yara suna sa riga mai lambarsa, mai gidan abinci ba ya karɓar kuɗinsa. A shekararsa ta ƙarshe ya yi tsalle ya sauka ba daidai ba, gwiwar ta tafi, aka yi masa tiyata. Da ranar da manyan kulob na ƙasarsu ke zaɓen sababbin 'yan wasa ta zo, mahaifiyarsa ta yi girki ta tara dangi a gaban talabijin. Aka yi ta kiran sunaye har aka gama, ba a kira nasa ba. Ya ce abin da ya fi tunawa shi ne yadda baƙin suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, abincin ko taɓa shi ba a yi ba.

Daga nan ya shiga yawon duniya da jakarsa. Ya yi wasa a Turai, ya yi a wata ƙasa ta Kudancin Amurka inda ya ce har jifansu ake yi da kwabbai, ya yi a Lebanon, kowane kulob ya fi na baya ƙanƙanta. Jidda ita ce ta kusa da ƙarshe, kuma ya san haka. Wata rana na ce masa, to kai da ƙasarka take ƙasa, me ya hana ka komawa ka nemi wani aiki? Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ba abin da ya iya sai wannan. Ya ce fasfonsa ma yana aljihun teburin kulob, kamar yadda nawa yake wurin kafili. Na ce masa a'a, kada ka haɗa kanka da mu, kai in ka yi fushi jirgi za a sa ka.

Yanzu bari in kawo Yaya. Ita ce babbarmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta zo aikin hajji da mijinta tun ina yaro, suka ƙi komawa, suka zauna a unguwar Nuzla ta nan Jidda ba takarda ko ɗaya. A nan ta haifi 'ya'yanta mata biyu da autanta namiji, a ɗaki, a hannun wata ungozoma 'yar Damagaram. Mijin ya rasu, aka kai shi Makka aka yi masa salla a Harami, aka binne shi a can. Tun daga ranar Yaya ba ta da wani buri sai wannan. Tana da likkafaninta da ta wanke da zamzam ta naɗe a ƙasan akwati, kuma in ana hirar gida sai ta ce ita ta riga ta iso, sai dai a ɗauke ta zuwa kusa da maigidanta. Sana'arta zama a kasuwar Bab Makka ta cikin Jidda da faranti, tana sayar da yaji da kuka da gyaɗa, in askar, wato 'yan sandansu, sun taho ta naɗe tabarma ta shige lungu.

Autan nan nata shi ne abin magana. Bai kai ashirin ba, amma sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidansu, goshinsa duk tabon dukan ginin ne. Hausa yana jin ta sarai, amma in zai amsa sai Larabci ya rinjaye shi. Khali yake ce mini, ba Kawu ba, na yi faɗan har na gaji. Bai yi makaranta ba sai ta allo, don makarantar gwamnati sai da takarda. Yana wankin motoci da safe, da yamma kuma su taru a wani kango a Nuzla inda suka kafa ƙarfen tayar keke a jikin falwaya, suna jefa ƙwallo har magariba. Ni a wurina lalaci ne kawai, kuma na sha gaya wa uwarsa haka.

Wata yamma muna dawowa daga atisaye na biya Bab Makka in miƙa wa Yaya maganin sukarinta. Yaron ya zo karɓa. Ba'amurken na zaune a mota da ƙanƙararsa, sai na ga ya buɗe ƙofa ya fito. Suka tsaya suna kallon juna a tsakiyar kasuwa, mutane na ratsawa ta gefensu, kowa sai ya ɗaga kai. Ya kama hannun yaron ya buɗe tafin ya gwada da nasa. Ya juyo ya ce mini, "Wannan ɗan wa ne? Yana wasa?" Na ce yana ɓata lokaci dai.

Haka aka fara. Akwai wani ɗan fili da kwando a bayan ginin da yake zaune a Ruwais, bayan la'asar sai in kawo yaron, in zauna a kan bulo ina yi musu tafinta ina gunaguni. Abin da ya fi ba ni haushi, ni na ɗauka tsawo shi ne jarin wannan wasa, amma mutumin nan kullum faɗansa ɗaya ne, yaron ya rage tsawo. Ya lanƙwasa gwiwa, ya sauke ƙugu, ya yi tafiya a haka daga wannan bango zuwa wancan, ya dawo, ya sake. Har ya koyi kalmar da Larabci don kada ya jira ni. "Tahat! Tahat!" yake ta ihu, wato ƙasa, ƙasa. Yaron cinyoyinsa na rawa, hawaye na zuba, amma bai taɓa cewa ya gaji ba. Ba'amurken ya ce masa dogon da bai iya sauka ba, gajere zai wuce ta gabansa ya bar shi tsaye. A nan ne kuma ya ba shi takalmansa, farare masu jan baki, don a duk Nuzla ba inda za a samu takalmin da zai shiga ƙafar yaron.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na fara jin daɗin kallonsa. Da ya tashi sama ya zura ƙwallon da hannu ɗaya sai in ji bakina ya ce kai, ban sani ba. Ba'amurken ya kai shi wurin kocin kulob ɗinmu. Koci ya kalle shi na ɗan lokaci, ya yaba, sannan ya tambayi iƙama. Da aka ce babu, ya ɗaga kafaɗa ya ce halas, wato shi ke nan, ko filin ma bai kamata a shigo da shi ba.

Ba'amurken bai haƙura ba. Ya ɗauki yaron a bidiyo ya aika wa tsohon kocinsa na kwaleji, wanda ya ce shi ne uban da bai samu a gida ba. Bayan 'yan makonni ya shigo mota yana murna kamar an yi masa haihuwa. Tsohon ya ce a kawo yaron, zai nema masa wata ƙaramar kwaleji ya fara koyon Turanci yana wasa. "Fasfo kawai zai yi," in ji shi, "sauran ka bar mini." Yadda ya faɗi kalmar kawai ɗin nan, har yau tana mini ciwo. Shi a duniyarsa fasfo abu ne da ake zuwa ofis a karɓo.

Mu kuwa a tamu duniyar, wanda aka haifa a ɗaki a Nuzla ba shi da hatimin shiga ƙasar, don haka ba shi da ƙofar fita ta filin jirgi. Ƙofa ɗaya muka sani, ita ce tarhil. Akwai wata gada a cikin gari da duk wanda ba shi da takarda kuma yake son komawa gida yake zuwa ya zauna a ƙarƙashinta da ƙullin kayansa. Ka zauna nan, kwana da kwanaki, wani lokaci wata da watanni, har ranar da askar za su ga dama su zo da motoci su kwashe ku. A tsare ku, a sa ku a jirgi kyauta, a sauke ku a Kano. Mutanenmu sun mayar da abin hanya. Ka je gida ka yi fasfo, ka nemi bizar umra, ka dawo ka ci gaba da zamanka. Akwai dattijon da ke maƙwabtaka da Yaya wanda ya yi haka har ya daina ƙirgawa, yana ba da labarin kamar wanda ya je Ɗa'if shan iska.

Aka zauna a tsakar gidan Yaya, dattawan lungu suka ce ai abu mai sauƙi ne. Ya tafi ta gada, ya yi fasfo a Kano, ya nemi bizar Amurka, in ta yi jinkiri ya dawo da umra ya jira a gaban uwarsa. Na ce musu ina jin ƙishin-ƙishin a wurin aiki cewa an kawo na'urar basma, ana ɗaukar hoton yatsun duk wanda aka fitar, kuma wanda aka ɗauka ba ya sake shigowa. Dattijon nan ya yi dariya ya ce tun yana saurayi ake irin wannan barazana. Na yi fushi na ce to ku kuka sani. Yaya ta jira sai da kowa ya watse. Yaron ya durƙusa a gabanta ya ce, "Ummi, in kin ce kada in je, ba zan je ba." Ta ce masa, "Me zan riƙe ka ka yi a nan? Ka wanke mota har ka tsufa? Je ka, Allah ya tsare."

Da silifa ya tafi. An ce masa a ƙarƙashin gada ko barci ka yi da takalmi mai kyau sai an zare maka shi, don haka ya bar fararen nan a wurin uwarsa, a kan in ya dawo ya ɗauka, ko ni in aika masa.

Ba'amurken ya ɗauka tikiti muka saya wa yaron. Da ya yi ta tambayata wane jirgi ya hau, sai na juya kan mota na kai shi. Ya ga mutane zube a kan kwali, mata da jarirai, igiyoyin shanya, warin fitsari, motoci na wucewa ta sama. Yaron yana zaune a jikin ginshiƙi, ko a zaune ya fi kowa tsawo. Mutumin nan ya riƙe kai da hannu biyu. Ya ce mini, "Ba haka nake nufi ba. Wallahi ba haka nake nufi ba." Wallahin ma a bakina ya koye ta. Ya ce a mayar da yaron gida. Yaron ya ƙi, ya ce ya riga ya yi nisa a layi. Bayan wasu makonni muka zo da abinci muka tarar an kwashe su.

Ba a daɗe ba gwiwar Ba'amurken ta sake tafiya. Ina tsaye a bakin ƙofar fili ranar, na ga ya juya da ƙwallo, ba wanda ya taɓa shi, sai kawai ya zube. Bai yi ihu ba, ya kwanta yana kallon rufi. Kulob suka biya kuɗin asibiti, suka soke kwantiraginsa, suka fito masa da fasfonsa daga aljihun tebur. Ni na kai shi filin jirgi da sanduna biyu. A hanya ba mu tsaya sayen ƙanƙara ba. Da zai shiga ya rungume ni, kaina a ƙirjinsa, ya ce ba zai bar maganar yaron ba. Na yarda da shi, kuma har yau ban ce ƙarya ya yi ba.

Ya yi ƙoƙari. Yana kira, yana aika takardu. Amma a wurin neman biza aka tambayi yaron shaidar makaranta, babu. Aka yi masa tambaya da Turanci, bai gane ba. Aka hana shi. Kafin a sake shiri tsohon kocin ya ajiye aiki, wanda ya gaje shi bai san da zancen ba. Kiran Ba'amurken ya fara ja baya. Na ƙarshen da muka yi ya ce mini yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, yana tuƙa motar ɗaga kwalaye, kuma ba ya kallon wasan ko a talabijin. Daga baya lambar ta daina shiga.

To, sai a koma shawarar dattawa, yaron ya dawo da umra. Muka haɗa abin da muka haɗa, aka samu biza. Ranar da zai sauka Yaya ba ta fita kasuwa ba. Ta dafa shinkafa da kaza, ta goge takalman nan ta ajiye a bakin ƙofa. Ni ina filin jirgi ina ta leƙen kawuna, don nasa ba ya ɓuya. Fasinjoji suka fito suka ƙare. Can wani ma'aikaci da na sani ya zo ya ce mini an ɗora yatsansa a na'ura ta nuna shi, yana wani ɗaki a ciki, kuma da jirgin da ya kawo shi zai koma. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ban gan shi ba. Na koma Nuzla ni kaɗai. Yaya tana jin tsayuwar mota ta fito, ta kalli kujerar gaba da na riga na tura baya, ta koma ciki. Dattijon nan mai yawan tafiya bai sake haɗa ido da ni ba, ni ma ban sake gaishe shi ba.

Yaron ya zauna a Kano wurin dangin ubansa da bai taɓa sani ba. Ya samu aikin dako a kasuwar yadi, yana sauke diloli daga saman tari inda wasu sai da tsani. Suna tsokanarsa da Balarabe saboda Hausarsa. In ya kira uwarsa ba ya ƙorafi, sai dai ya tambayi ko ta sha magani, ya tambayi ko mai ful da tamis, wato wake da gurasa, na bakin lungu yana nan. Ita kuma sukari ya ci gaba da cin ta, ido ya fara dushewa, ƙafa ta fara kumbura. Muka shekara biyu ko fiye a haka.

Wata safiya ta aika a kira ni. Na tarar ta ɗaure ƙulli, 'ya'yanta mata suna kuka. Ta ce in kai ta gada. Na ce, "Yaya, kin san abin da kike faɗa? In suka ɗauki yatsanki ba ke ba Makka har abada. Maigidanki fa? Likkafanin da kika ajiye fa?" Har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Likkafanin yana cikin ƙullin. Shi maigidan yana inda ba ya bukatata. Wannan kuwa ko wanda zai ce masa sannu da harshen da yake ji babu. Tashi mu je, rana na yi."

Na kai ta. Kullum in na tashi aiki sai in kai mata abinci da allurarta, in same ta zaune a kan kwali da carbi, ƙullin a ƙarƙashin ƙafarta. Takalman ta ɗaure igiyoyinsu ta rataya a wuya a cikin hijabi, da su take kwana don kada a sace. Matar da ta yi shekaru tana gudun askar a lungunan Bab Makka, ga ta tana addu'a su zo su kama ta. Ranar da suka zo ina nan. Na ga ta hau motar da ƙyar, wata mata na tura ta ta baya. Ba ta waiwayo ba, ina jin ba ta ganin nesa a lokacin.

Ba ta cika shekara a Kano ba. Ni aiki bai bar ni na je ba, kafili ya ce sai lokacin hutu. Da yamma bayan an dawo daga maƙabarta yaron ya kira ni. Na yi masa gaisuwa, ya yi mini. Na tambaye shi ko da likkafaninta aka sa ta, ya ce da shi. Na tambaye shi ko ya samu ya ɗauke ta.

Ya ce da aka ɗaga makarar ya sa kafaɗa, sai ta karkace, don ya fi sauran tsawo nesa ba kusa ba. Wani dattijo ya ce masa ya matsa ya bar wa wasu, kada a kayar da gawa. Ya ce, "Na ƙi, Kawu. Na sauke gwiwa, yadda ya koya mini. Tahat. A haka na tafi har bakin kabari, ban bari an karɓe ni ba, kuma ba ta karkace ba ko sau ɗaya."

Ranar ce ya fara ce mini Kawu. Na ce masa Allah ya yi maka albarka, na kashe wayar, don ba na son ya ji abin da ya biyo baya.